Sabis Ya Cika, Waya Ta Ƙi Sauke Komai

 

Yau zan yi magana a kan wata matsala da ake raina wa, alhali tana cin kuɗin talaka da lokacinsa a ɓoye. Sandunan sabis sun cika a goshin waya. Data sabuwa ce, jiya aka saya. Saƙon WhatsApp yana shiga yana fita. Amma da an shiga Play Store don sauke wata manhaja, ko don sabunta ta banki, sai abin ya tsaya yana ta juyi, a yi ta jira har caji ya ƙare. A kwamfuta ma haka: Windows ta ƙi sabuntuwa, ɗalibi mai koyon rubuta manhaja ya ba da umarni a sauko masa da kayan aiki, allo ya cika da jan rubutu. Kusan duk wanda ka tambaya a yankinmu amsa ɗaya zai ba ka: sabis ne.

Ban ga laifin mai faɗin haka ba, domin mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun ɗanɗana katsewar sabis ta gaske. A farkon watan Satumba na 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanoni su kashe layukan waya a duk faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Kwanaki kaɗan bayan haka abin ya tsallako Katsina, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Ɗandume, har da Funtuwa da Malumfashi inda da can mutum zai ruga ya yi waya. A daidai lokacin an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, sana'ar cajin waya ma sai da doka ta hau kanta. Watanni aka kwashe a haka. Mai ɗa a Legas ya koma aika saƙo ta bakin direba, mai POS ya ja rumfarsa ya rufe. Har yau akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ake samun sanda ɗaya, akwai turakun sabis da ke mutuwa da zarar man janareta ya ƙare. Wani lokacin ma ciwon daga nesa yake zuwa, kamar ranar 14 ga Maris na 2024 da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice a Najeriya baki ɗaya.

Abin da ke damuna shi ne, yawan wannan wahala ya sa mun daina tantancewa. Komai ya faru, sai mu ɗaga kai mu dubi turken sabis, mu yi haƙuri. Mutum zai yi sati yana haƙuri da abin da minti biyu ya isa ya gyara da yatsansa.

Tantancewar ba ta cin ko sisi. Nemi wani a kusa da kai mai layin kamfani ɗaya da naka, ku tsaya wuri guda, ya gwada sauke abin da ya gagare ka. In tasa ma ta ƙi, to daga sama ne, sai haƙuri. In tasa ta sauke, taka ta ƙi, ciwon yana hannunka. Daga nan ka roƙe shi ya buɗe maka hotspot ka jona. In wayarka ta sauke ta hanyarsa amma ta ƙi da layinka, ka san matsalar tana cikin saitin layin. In ta ƙi ta ko'ina, wani abu ne ya riƙe wayar gaba ɗaya. Kafin ka yi nisa kuma, danna *323# ka ga wace irin data gare ka, domin akwai mai araha da ake sayarwa don WhatsApp da Facebook kaɗai, ba za ta taɓa buɗe Play Store ba. Ka duba ko waya ta cika da bidiyo babu wuri. Ka duba kwanan wata da agogo. Na'urar da agogonta ya koma wata tsohuwar shekara ba ta yarda da takardun shaidar shafukan intanet, don tana ganin lokacinsu bai yi ba. Wannan ya fi yawa a tsofaffin kwamfutoci da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu.

In duk waɗannan lafiya lau suke, to mun iso kan maganarmu ta yau, wato furoksi, abin da za ka ga an rubuta Proxy a allon wayarka.

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Sheme ya san mai saye ba kasafai yake magana da mai saniya kai tsaye ba. Dillali ne a tsakani. Kai ka gaya masa, shi ya gaya wa mai kaya, ya dawo maka da amsa. Furoksi dillali ne tsakanin na'urarka da intanet: wata kwamfuta ce da aka ba wayarka adireshinta, aka ce duk abin da za ki nema, ki bi ta wurin wannan. Muddin yana nan yana aiki, ba za ka ma san da shi ba. Ranar da ya tashi daga kasuwar, wayarka ba ta da wayon da za ta zagaya ta je wurin mai kaya da kanta. Za ta tsaya a inda aka ce ta tsaya, da kuɗinta a hannu, tana jiran wanda ba zai zo ba. Abin da ya sa WhatsApp kan ci gaba da aiki kuwa, galibi shi yana da tasa hanyar da ba ta bi ta wannan saitin, amma Chrome da Play Store suna bi. Shi ya sa mutum ke rikicewa, ya ga rabin waya na aiki rabi ya mutu.

Ruwa ba ya tsami banza. Waya ba ta sa wa kanta furoksi. Wani ne ya sa, ko wani abu da aka shigar.

Tsofaffin hannu za su tuna zamanin Nokia, lokacin da sai an rubuta wa layin MTN lambar 10.199.212.2 da 8080 kafin waya ta hau intanet. Wannan zamani ya wuce, amma har yau akwai masu sa wa sabbin wayoyi irin waɗancan lambobi don haka suka koya. Sai kuma shekarar 2021 ɗin nan dai. Daga 5 ga Yuni na 2021 zuwa 13 ga Janairu na 2022 gwamnatin tarayya ta rufe Twitter, matasa suka yi rububin sauke VPN na kyauta don su zagaye shingen. An buɗe Twitter, an manta da su a cikin waya, wasu wayoyin ma an sayar da su haka ko an ba ƙanne. Amma babbar ƙofar da wannan abu ke shigowa ita ce neman intanet na banza, abin da samari ke kira cit. Ana tura wata manhaja ta Xender, a haɗa da wani ɗan fayil, a canza saitin layi, a ce daga yau data ba za ta ƙare ba. Abin yakan yi aiki na ɗan lokaci, kamfani ya gano ya toshe, manhajar ta mutu, saitin da ta bari kuma ya zauna daram. Na fahimci abin da ke tura yara can. Data ta yi tsada, musamman tun Janairu na 2025 da NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Sai dai banza ba ta kai zomo kasuwa, kuma zan dawo kan abin da ake biya da shi.

Ka tsaya a rumfar mai gyaran waya ranar kasuwa, za ka ji irin wannan. Dattijo ya zaro waya daga aljihun gaba ya miƙa.

“Injiniya, duba min abin nan. Banki sun ce sai na sabunta, ita kuma ta ƙi.”

Mai gyara na kirki ba zai ɗauko sukundireba ba. Tambaya zai fara yi.

“Baba, wa ya taɓa sa maka wani abu a ciki?”

“Ni dai yaron wajena ne ya karɓa kwanaki, ya ce zai sa min abin da data ba za ta riƙa saurin ƙarewa ba.”

Shi ke nan, an gano bakin zaren. Zai shiga Settings, ya nemi wurin layin waya, ya taɓa inda aka rubuta Access Point Names. A Tecno da Infinix da itel da Samsung hanyar takan ɗan bambanta, amma sunan ɗaya ne. Zai taɓa sunan da ke da alama, ya gangara zuwa layuka biyu, Proxy da Port. A waya mai lafiya babu komai a cikinsu, Not set za ka gani. A ta Baba kuwa ga lambobi a zaune. Zai koma baya, ya taɓa ɗigo ukun nan na sama, ya zaɓi Reset to default, ya kashe data ya kunna. Kafin dattijo ya gama gyara zaman hularsa manhajar banki ta fara sauka.

Akwai kuma wani irin mai gyaran, wanda ko dai bai sani ba ko ya sani ya yi shiru, da zai juya wayar ya ce, “Baba, sai an yi mata filashin.” A karɓi kuɗi, a goge komai. Waya za ta gyaru, gaskiya ne, tunda saitin ya tafi tare da sauran kaya. Amma me ya tafi da shi? Lambobin 'yan uwa da ba a rubuta ko'ina ba, lissafin bashin da ake bin mutane, muryar ɗa da ke ci-rani. A yankin da gidaje da yawa suka rasa wani a hannun 'yan bindiga, wani lokacin hoton mamaci guda ɗaya da ya rage a duniya yana cikin wannan wayar. Ina roƙon 'yan uwana masu gyara, don Allah, filashin ya zama abu na ƙarshe. Mai waya kuma kada ya yarda a goge masa komai sai an nuna masa an duba waɗannan wurare.

Sauran wuraren ba su da yawa. In da Wi-Fi ko MiFi kake amfani, kowace hanya tana da nata saitin: ka danne sunanta, ka shiga gyara, ka nemi Proxy, ka tabbatar yana kan None. Ka dubi saman allo, in akwai ɗan hoton makulli, VPN na kunne. Shiga wurin VPN a Settings ka ga abin da ke ciki. Akwai maɓalli biyu da ke wahalar da mutane, Always-on VPN da Block connections without VPN. Ma'anarsu ita ce an umarci waya kada ta bar komai ya fita sai ta wannan VPN, to in shi ya mutu, har WhatsApp ɗin ma tsayawa zai yi. Sai Private DNS, wanda ya shigo tun Android 9 a 2018. In ka ga an rubuta wani suna da ba ka sani ba, mayar da shi Automatic.

Bari in juya ga masu kwamfuta, musamman ɗalibai. Yaranmu da yawa yanzu suna koyon rubuta manhaja, wasu a jami'o'in Zariya da Dutsin-Ma da Katsina, wasu ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, wasu da kansu a YouTube cikin dare. Yawancinsu kwamfuta ta hannu suke saya, daga Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko a Funtuwa. Irin waɗannan na'urori da dama sun yi aiki a wani ofis a Turai ko Amurka kafin su iso mana, kuma wasu kan zo da saitin wancan ofis a cikinsu, suna neman wata kwamfutar kamfani da ba za su sake gani ba har abada. Wani kuma a makaranta ko wurin koyon aiki aka sa masa don ya hau intanet ɗin wurin, ya dawo hutu Faskari ya jona da wayarsa, komai ya tsaya.

A Windows, shiga Settings, Network and Internet, Proxy. Ka kashe Use a proxy server, ka kashe Use setup script. In ka ga lambar 127.0.0.1 a wurin, ka lura da kyau, domin wannan lamba tana nufin ita kanta kwamfutar. Wato wata manhaja ce a ciki ta ce komai ya bi ta hannunta, kuma ko dai an goge ta ta bar saitin, ko tana nan a ɓoye. Windows tana da wuri na biyu da mutane da yawa ba su sani ba, wanda wasu ayyukanta na ciki ke bi, shi ya sa za ka ga Chrome na buɗe shafuka amma sabuntawa ta ƙi. Mai biro ya rubuta. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta netsh winhttp show proxy. In ta amsa da Direct access, lafiya. In ta nuna wani adireshi, rubuta netsh winhttp reset proxy. Idan kuwa maɓallan sun ƙi taɓuwa, aka ce wata hukuma ce ke kula da saitin na'urar, alhali kai ka saye ta da kuɗinka, to ko ragowar dokar tsohon ofis ce ko aikin muguwar manhaja. A nan ne kaɗai zan ce a kwashe kaya a ajiye, a sa mata sabuwar Windows mai tsabta.

Masu amfani da pip da npm da git da apt, naku ya fi sarƙaƙiya, domin kowanne daga cikin waɗannan yana iya ajiye nasa saitin daban. Ka gyara na Windows ko na Ubuntu, shi yana nan da nasa a aljihu. A Linux ka fara da env | grep -i proxy ka ga ko an ɗora wani adireshi, sannan ka leƙa fayil ɗin .bashrc da /etc/environment, da babban fayil ɗin /etc/apt/apt.conf.d. Ka tambayi pip da pip config list, ka tambayi npm da npm config get proxy, ka duba git da git config --global --list. Na san wannan ya yi wa rediyo nauyi, amma akwai yaro a Sabuwa da a daren nan yake zaune gaban allo yana tunanin kansa ne bai ja, alhali layi ɗaya ne ya kwafo daga wani shafi, layin da aka rubuta don ma'aikatan wani kamfani a wata ƙasa, ya manna bai san aikinsa ba. Irin wannan yaron, in bai sami mai nuna masa ba, ajiye karatun yake yi.

Shawarar da ta fi duk waɗannan umarni amfani ita ce a karanta jan rubutun. Ɗalibai da yawa da sun ga ja sai su rufe allo. Ka gangara layin ƙarshe ka karanta a hankali, ko da ƙamus ne. In ka ga Cannot connect to proxy, ko a Chrome ka ga ERR_PROXY_CONNECTION_FAILED, na'urar ta gaya maka ciwonta da bakinta, sau da yawa har da adireshin da take ƙoƙarin kaiwa. In ka ga lamba 407, furoksin yana raye, suna da kalmar sirri yake nema. Kuma ina gargaɗi da babbar murya: za ku ga masu ba da shawarar a kashe binciken takardar shaida don abu ya sauka, irin su strict-ssl false ko trusted-host. Kada ku mai da wannan magani. Wannan binciken shi ne ke tabbatar maka cewa abin da ya sauko daga inda ka nema ya fito, ba a sauya shi a hanya ba.

 Cire saitin rabin aiki ne. In ka cire, ka kashe na'ura ka kunna, ka ga ya dawo da kansa, to akwai mai mayar da shi, kuma yana ciki. Ka duba manhajojin da aka shigar kwanan nan, da ƙananan abubuwan da ake liƙa wa Chrome, da duk wata manhajar kuɗi da aka fasa aka ba ka kyauta. Ka goge abin da ba ka san shi ba, ka sa Windows Security ta yi cikakken bincike.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa: wanda ya ba ka hanya kyauta, da me yake biyan kuɗin na'urorinsa? A 2016 masu bincike, ciki har da na hukumar kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, sun duba manhajojin VPN guda 283 na Android. Sun sami alamun muguwar manhaja a kashi 38 cikin ɗari, kashi 18 kuma ba sa ma ɓoye bayanan da suka yi alkawarin ɓoyewa. A watan Mayu na 2024 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta sanar da rusa wata hanyar damfara mai suna 911 S5, wadda ta mamaye adireshin intanet sama da miliyan 19 a kusan ƙasashe 200. Ta VPN na kyauta irin su MaskVPN da DewVPN aka riƙa shiga kwamfutocin mutane, a mai da su furoksi, a ba 'yan damfara haya. Mai na'ura yana barci, ana aikata laifi da adireshinsa, ana kuma ƙona masa data.

Kada in tsorata ku fiye da kima. Manhajojin banki da manyan shafuka suna kulle bayanansu, wanda ke tsakani ba ya iya karanta kalmar sirrinka haka kawai, ko da yake yana ganin inda kake zuwa da lokacin da ka je. Haɗarin yana ƙaruwa ne idan an sa ka amince da wata takardar shaida ta musamman, domin da ita yana iya buɗe wasu daga cikin abubuwan da aka kulle. Irin haka ta faru a 2015 da wata manhajar talla mai suna Superfish da aka samu a wasu kwamfutocin Lenovo tun daga masana'anta. A Android, shiga ɓangaren tsaro, ka nemi Trusted credentials, ka duba gefen User. Ga mai waya na yau da kullum, wurin ya kamata ya zama fanko.

Akwai wani haɗarin da ya fi wannan kusa da mu. Kafin a sa maka cit, sai ka cire makulli ka miƙa wayarka a buɗe. Saƙonnin banki suna ciki, ana ganin abin da ya shigo bayan ka sayar da masara ko shanu. Mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sa buƙatar in yi musu bayanin abin da irin wannan labari kan jawo in ya faɗa kunnen da bai dace ba. In za a taɓa maka waya, ka tsaya a kai, a yi a gabanka, a gaya maka abin da aka sa da dalilinsa.

Ba kowane furoksi ne abin gudu ba, kuma adalci ne in faɗi haka. Ofisoshi da bankuna da makarantu suna amfani da shi don tsare na'urorinsu. In kwamfutar wurin aiki ce a hannunka, kada ka cire komai, kai wa mai kula da ita. WhatsApp da kansa ya ƙara wurin sa furoksi a Janairu na 2023 don mutanen ƙasashen da ake toshe shi, irin Iran, ko da yake ya kamata a sani cewa in turaku aka kashe, kamar yadda aka yi mana a 2021, babu VPN ko furoksin da zai haifar da sabis. Ga masu cibiyoyin koyar da kwamfuta kuma, wannan abu alheri ne da ba a cin moriyarsa. In kana da na'ura ashirin a ɗaki ɗaya, ba dole ne kowacce ta sauke kaya iri ɗaya da datarka ba. Da manhaja ta kyauta irin apt-cacher-ng ko Squid, na'ura ɗaya za ta sauke ta ajiye, sauran su ɗiba a wurinta. Abin da nake roƙo shi ne, malamin da ya sa wa ɗalibi wannan saitin a kwamfutarsa ta kansa, ya nuna masa inda yake da yadda ake cire shi kafin ya tafi gida.

Wanda ya gano cewa an daɗe da sa masa wani abu da bai sani ba, bayan ya cire, ya canza lambar sirrin manhajar bankinsa da ta imel ɗinsa, ya kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp. Wanda kuma ya bi duk waɗannan wurare ya ga wayarsa tsaf take, ta maƙwabcinsa ma ta ƙi, to yanzu yana da hujjar cewa sabis ne, kuma yana da haƙƙin kai ƙara. Ya kira 300 ya shigar da koke wurin kamfaninsa, ya karɓi lambar koken ya rubuta. In ba su yi komai ba, ya kira NCC a 622, kiran kyauta ne, ya ba su wannan lambar tare da sunan garinsa da unguwarsa.